Yadda Aka Fitar da Ni Waje a Garwa

Tun da na dawo daga Kamaru 'yan majalisarmu ta unguwar Sarkin Dawaki ba su bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. Ina zama sai wani ya matso: "Dakta, yaya Garwa? Wai da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda?" Wani kuma damuwarsa ita ce ko da dala aka sallame ni. Na ba da labarin nan guntu-guntu har bakina ya gaji, kuma duk wanda na ba sai ya je ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji wai jirgin sama aka aiko musamman ya ɗauke ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habibu, kimiyyar ƙasar noma nake koyarwa, haifaffen unguwar Majidaɗi ne ni a nan Jalingo, fatauci ya kawo kakana daga Katsina. Wata gidauniya mai tallafa wa masu bincike na ƙasashen yankinmu ce ta gayyace ni in zauna a kwamitin tantance takardun masu neman tallafi. Wato mutum zai rubuta abin da yake son ya bincika, da yadda zai yi, da abin da aikin zai ci, mu kuma mu ba shi maki. Yadda aka yi suka san da ni, har yau ban sani ba. Ina kyautata zaton wani ne ya ƙi zuwa.

Kuskurena na farko shi ne na gaya wa Hajiya, mahaifiyata. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Mama Saratu, 'yar Mumuye daga Zing, kuma a iya sanina katangar nan ba ta taɓa tare magana ba. Mama Saratu ce ta goya ni lokacin da Hajiya ta yi doguwar jinya. 'Yarta Rifkatu ita ke riƙe hannuna zuwa firamare, ita ce ta taɓa fasa wa wani yaro baki don ya ƙwace mini rake. Tun ina yawo ba wando Adda nake ce mata, yadda ake kiran yaya mace a garin nan. Yanzu ita ma Dakta ce a wata kwaleji daban da tamu, kuma rayuwarta kaf a kan abu ɗaya take: doyar da ke ruɓewa a rumbu kafin ta yi kuɗi. Tana son ta gwada dabarun da tsofaffin mata ke yi da toka da ganyen dogonyaro, a ga wacce ke aiki da gaske, wacce kuma sabo ne kawai. Ta nemi tallafi wurare daban-daban, an ƙi ta. Firijin ɗakin gwajinta ma ya mutu, a gidanmu take ajiye wasu kwalabe, har Hajiya ta taɓa kusan zuba ɗaya a miya. To, ashe ta aika wa gidauniyar nan takarda.

Ana gobe zan tafi tsofaffin biyu suka kira ni tsakar gida, suka sa ni a gaba.

Hajiya ta ce, "Habibu, an ce kai ne alƙalin."

Na ce, "Hajiya, mu da yawa ne."

"Da yawa ko ba da yawa ba, kana da baki ko ba ka da shi?"

Mama Saratu ta kama hannuna. "Ɗana, yarinya nan ya sha wahala. Ka gaya musu shi ba ya barci, kullum doya, kullum doya. Ka gaya musu ni ne na goya ka."

Sannan ta sa aka fito da doya biyu, kowace ta kai cinyata, ta ce in kai wa shugaban kwamitin. Na ce to, don ba na iya ce wa Mama Saratu a'a.

Adda da kanta ta kai ni tasha. Duk hanya faɗa take da masu keke. Sai da na saka jakata a but sannan ta ce, tana kallon wani wuri, "Wannan shi ne na ƙarshe, Habibu. In ba su ba ni ba, na gama. Zan ajiye aikin in je in yi kiwon kaji." Na san Adda. Ba ta faɗin abu don a lallashe ta. Na shiga mota, a raina na ƙudura cewa in takardarta ta zo gabana, zan yi magana har sai sun gaji da ni.

Daga Jalingo zuwa Yola ba wani abin labari, in ban da yaron motar da ya ji Adda ta kira ni Dakta cikin zolaya, ya kuwa yayata. Kafin mu kai Zing wani dattijo ya naɗe ƙafar wandonsa ya ɗora mini ƙaurinsa a cinya, wai in duba masa wani ƙaiƙayi. Na ce, "Baba, ni daktan ƙasa ne, ƙasar noma." Ya ce ai shi ma a gona ya samo shi. Wata mata a baya ta miƙo mini jaririnta in ji zafin jikinsa. Sai da na ce kowa ya je asibiti ya riƙa shan ruwa da yawa sannan na samu lafiya, kuma na ji dattijon yana gaya wa na kusa da shi cewa likitocin yanzu ba su da kirki. A Zing kuwa ga doya jibge a bakin titi, ana rantsuwa ana karyar da farashi, kowa na son ya rabu da tasa kafin ta fara baƙi. Na kawar da kai.

Na kwana a Jimeta, da safe na nemi motar boda. Jama'a, in kuna ƙorafi da motocinmu na hanyar garin Mutum Biyu, ku je ku ga waɗannan ku dawo ku roƙi gafara. Ƙaramar mota ce, huɗu a baya, biyu a gaba, sannan aka cusa wani siririn mutum a kujerar direba, direban na tuƙi daga gefe kamar an ba shi aron wurin. Ni aka ba gaba saboda girma, wato giyar motar tana tsakanin gwiwoyina. Duk sanda direba zai canza giya sai ya ce, "Alhaji, afuwan." Mun yi afuwan ɗin nan har boda.

A ɓangarenmu aka buga mini hatimi ba wata magana. Da muka tsallaka sai Hausa ta fara ƙaranci, Turancina ya zama kayan ado. Faransancina kuwa gaisuwa ce da godiya, daga nan ya ƙare. Fulatancin kasuwar Jalingo, wanda matata ke yi mini dariya a kansa, shi ya cece ni. Jami'in da ya karɓi fasfona ya tambayi abin da zan je yi, na haɗa 'yan kalmomina na ce bincike na noma. Sai fuskarsa ta saki, ya ja mini benci, ya shiga ba ni labarin gonar gyaɗarsa da ganyenta ke yin ja. Wannan karon dai ciwon na fannina ne, na ba shi shawara da gaske, fasinjoji na jira a rana suna hararata.

Sai aka zo kan doya. Wani jami'in kula da tsirrai ya ɗaga ɗaya, ya jinjina ta, ya yaba, sannan ya ce cikin ladabi ɗanyen amfanin gona irin wannan ba ya wucewa sai da takardar lafiyarsa. Wallahi ban taɓa jin daɗin doka irin na ranar ba. Tun daga Jalingo nake tunanin yadda zan shiga ɗakin taro da doya a kafaɗa. Na yi fuskar baƙin ciki don kada a ce ban yi ba, na ba direbanmu da zai koma, na ce ya kai wa iyalinsa.

Garwa gari ne mai zafi, zafin da ya sa na ji na zalunci Jalingo da ƙorafi duk shekarun nan. Babura kuwa kamar ƙudan zuma. Kogin Binuwai ɗin nan namu shi ne a gefen garin, na tsaya ina kallonsa kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a ƙasar waje. Masauki ba laifi, sai dai abin karin kumallo. Maganar burodin nan gaskiya ce, dogo ne, ɓawonsa kuma sai da ya kankare mini dasashi. Shi da ɗan man shanu da kofi a wani ƙaramin kofi kamar na wasan yara, wai an karya ke nan. Na zauna ina jiran a kawo abincin, har ma'aikacin ya zo ya kwashe faranti. Amma da yamma sun rama. Wani kifi suka gasa, giwan ruwa, da yaji da albasa, ga wani rogo da ake naɗewa a ganye, warinsa ya kore ka, ɗanɗanonsa ya dawo da kai. Na ci har na ji kunya.

Washegari aka shiga aiki. Na saka babbar rigata mai aiki, na ɗan makara kaɗan yadda ya kamaci babban baƙo. Ina shiga na tarar an fara. Ba babban tebur, ba mai gabatarwa da zai jero sarautun mutane, ba wanda ya tashi ya karɓi jakata. A wajenmu da yanzu ana kan "sauran manyan baƙi da lokaci bai ba mu damar ambata ba". Shugabar, wata farfesa ce daga kudancin ƙasar, Madam Odil, 'yar ƙarama, gashinta duk furfura, ta ɗago ta dubi agogon bango, ta dube ni, ta nuna mini kujera da biro. Na zauna kusa da wani dattijo ɗan Chadi, Farfesa Mahamat, wanda ya yi karatu a Zariya yana jin Hausa. Ya raɗa mini, "Sannu da zuwa, ango."

Abu na farko, Madam ta ce kowa zai karanta sunayen masu nema da babbar murya, ya faɗi in yana da alaƙa da wani. Wanda ke da alaƙa da mai takarda, in an zo kanta zai fita waje, ba zai ba da maki ba, ba zai ji abin da aka ce ba. Gabana ya faɗi. A take na shiga lissafi. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, ba ƙabila ɗaya ba, ba addini ɗaya ba, ba wurin aiki ɗaya ba, ba mu taɓa rubuta takarda tare ba. A ƙa'idarsu, ni da ita baƙin juna ne. Na ce a raina, Habibu, yi shiru, karanta ka wuce.

Aka zo kaina. Ina karantawa ina cewa ban san shi ba, ban san ta ba, lafiya lau. Sai ga sunanta. To ku da kuka san tarbiyyar gidajenmu, ku gaya mini: yaya za a yi in buɗe baki in kira sunan matar da ta share mini majina, haka nan tsirara? Na shekara arba'in da wani abu ban taɓa yi ba. Ƙwaƙwalwata ta ce "Rifkatu", bakina ya ce, "Adda Rifkatu."

A Garwa, garin Fulatanci, ko ɗan akuya ya san ma'anar Adda. Farfesa Mahamat ya tuntsire da dariya har da buga tebur. Madam ta cire tabarau.

"Yayarka ce?"

Na ce a'a, na shiga bayani. Na kawo maganar ƙabila, na kawo ta addini, na ce maƙwabtaka ce kawai, kuma a garinmu kowa Adda ne. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, wani tafinta na juya mini, "Dakta Habibu, tambaya ɗaya. In takardar nan ta faɗi, za ka iya komawa gida ka ci tuwo lafiya?"

Na tuna fuskar Hajiya. Na ce, "A'a, Madam."

"To za ka fita."

Ta mayar da tabaraunta, aka ci gaba. Ba faɗa, ba tsawa. Ni kuwa ji na yi kamar in nutse a cikin babbar rigar, ga ta da yalwa.

Kunya ta biyu ba ta jima ba. Tun ina gida an aiko mini da wasu takardu in karanta in ba da maki, na kuwa bayar da hannu sake. Mutum ya zauna ya rubuta shafuka masu yawa, yana da iyali, wa ya san halin da yake ciki? Mafi ƙanƙantar makin da na ba wani shi ne "ya yi kyau ƙwarai". Madam ta haska makina a bango kowa na gani, ta ce, "Dakta Habibu mutumin kirki ne. Amma kuɗin da ke hannunmu na mutum kaɗan ne. In kowa ya yi fice, ka bar mana aikin ke nan ba ka taɓa ba." Farfesa Mahamat ya raɗa mini cewa kada in damu, shi ma zuwansa na farko haka ya yi kara, sai da matar nan ta wanke shi tas.

Daga nan na buɗe kunne. Ba zan faɗi sunan kowa cikin masu neman ko ƙasarsa ba, mun yi alƙawari, amma zan ba ku misali. Akwai wanda ya ce ya samo wani ganye da zai magance zazzaɓin cizon sauro da ciwon suga da rashin haihuwa, duk a shekara ɗaya. Ni na ba shi maki mai yawa, don na ga abin zai taimaki al'umma. Madam ta ce, "Mece ce tambayarsa?" Muka duba, babu. Ya riga ya san amsa, kuɗin biki kawai yake nema. Kuma zai ba marasa lafiya ganyen su sha, bai ce ga wanda ya ba shi izini ba, bai ce ko su mutanen za a tambaye su ba. Aka ajiye takardar gefe.

Akwai wata kuma, Turancinta kamar zuma, na karanta sau biyu don daɗi. Wata matashiya a kwamitin ta ce ai an yi wannan aikin an gama tuntuni, an wallafa, mai takardar bai ambaci ko ɗaya ba. Ko dai bai karanta ba, ko yana fatan mu ba mu karanta ba. Ita ma gefe.

Wadda ta fi ba ni tsoro ta wani babban farfesa ce, mai jerin lambobin yabo shafi guda. A wajenmu in irin wannan ya nema, tashi ake a kai masa har gida. Farfesa Mahamat ya buɗe shafin kasafi ya karanta a hankali: mota mai shiga daji, sabuwa, kujerun ofis, tafiya taro ƙasashen Turai. Ya ɗago ya ce, "To, shi binciken a aljihun wa zai fito?" Aka duba hanyar gudanar da aikin, layi kaɗan ne, ma'anarsu dai ku yarda da ni, kun san ni. Madam ta ce sunansa ya nuna zai iya, amma takardar ba ta nuna zai yi ba.

Kuma kowace takarda, komai kyanta, sai Madam ta jefa mata tambayar nan tata: "In bai yi ba fa?" Wato in gwajin ya ƙi, in damina ta yi gardama, in na'ura ta lalace, mai aikin ya tanadi wata hanya? Za a koyi wani abu ko kuɗin ya bi ruwa? Wani saurayi da ya nemi abu kaɗan don ya auna ruwan rijiyoyin ƙauyuka, ya faɗi rijiya nawa da dalilin zaɓensu, ya faɗi abin da zai yi in an hana shi shiga wani ƙauye, ya faɗi yadda zai koma ya gaya wa masu rijiyar abin da ya gani, shi ya tashi da makin da farfesan bai samu rabinsa ba.

Abin kunya, kafin rana ta biyu ta raba na zama mugu. Na ji daɗin abin. Ni ne mai ɗaga hannu in ce, "Gona ɗaya zai gwada ya ce ya gano halin ƙasar jiha guda?" Ni ne mai cewa wata shida ba za su ishi wannan aikin ba ko aljanu zai ɗauka haya. Har Madam ta gyaɗa mini kai sau ɗaya, na ji kamar an ba ni sarauta. Sai can da rana, ina tsakiyar yanka wata takarda, na tuna cewa haka za a yi wa ta Adda, kuma ba na nan. Naman da aka kawo a abincin rana ban iya ci ba.

A rana ta ƙarshe aka zo kanta. Madam ta dube ni kawai. Na tattara rigata na fita, aka rufe ƙofa.

Barandar ba ko kujera. Na yi abin da duk ɗan Majidaɗi zai yi, na kara kunne a ƙofa, ba na jin komai sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Na zagaya ta wajen taga, akwai wani ɗan tsagi a labule. Na hango Farfesa Mahamat yana girgiza kai. Na ce shi ke nan. Sai na ga matashiyar nan tana magana tana nuna shafi da yatsa, irin nunin da ta yi wa mai Turancin zuma. Sai aka yi dariya. Dariyar me? Doya abin dariya ce? Wani mai ba fulawa ruwa ya tsaya yana kallon babban mutum da babbar riga a tsugune cikin shuke-shuke, na miƙe na yi kamar ƙasar wurin nake dubawa, har da murza ta a hannu.

Na koma baranda na shiga yi wa takardar shari'a ni kaɗai, don na san aikin, a tsakar gidanmu ake shanya rabinsa. Tambaya tana da ita, guda ɗaya tak. Mota ba ta nema ba, firiji ne da ma'auni da kuɗin zuwa ƙauyuka. Matan da za ta yi aiki da rumbunansu ta zauna da su sun yarda. Amma Turancin Adda ba ado, kamar mai aika saƙon waya. Kuma na san halinta, tana iya rubuta musu ƙiri-ƙiri cewa wataƙila tokar nan ba ta yin komai. Ban sani ba ko za su ga gaskiya ce ko su ga rauni. Duk abin da na tanada zan faɗa, yadda take kwana a ƙauye, yadda take sayen kayan gwaji da albashinta, ga shi a bakina ba mai ji. Na ji haushin Madam, na ji haushin bakina, na yi addu'ar da na iya. Sun daɗe fiye da yadda suka daɗe a kan kowace takarda.

Da aka buɗe ƙofa na shiga ina leƙen fuskoki. Ba abin da na karanta. An riga an ɗauko ta gaba. A wajen shan shayi na matsa kusa da Farfesa Mahamat na ce, "Farfesa, yaya dai?" Ya ce, "Shayin? Ya yi sanyi." Jerin ƙarshe ma ba a nuna mini gurbin da take ba, aka ce sakamako zai je wa kowa ta imel bayan an kammala.

Haka na kamo hanya, afuwan afuwan har Jimeta, ban san abin da nake ɗauke da shi zuwa gida ba. Tsofaffin biyu suna tsakar gida kamar ba su tashi ba tun tafiyata. Hajiya ta ce, "Yaya?" Na ce, "Hajiya, fitar da ni aka yi. Ban ce komai ba. Sai addu'a." Suka dubi juna suka yi murmushi. Mama Saratu ta ce, "Ka ji shi. Tun yana ƙarami haka yake, ba ta son a yabe shi." Na rantse, suka ce in bar rantsuwa, sun gane, ai irin wannan aikin ba a faɗa. Adda kuwa ba ta tambaye ni ba, ni ma na riƙa kauce mata. Makonnin nan na rame.

Ranar da saƙon ya zo, guɗar Mama Saratu na fara ji ta kan katanga. An ba Adda, cikakke, ba a rage ko sisi ba. Kafin la'asar labari ya gama unguwannin Majidaɗi da Turaki cewa Dakta Habibu ya je Kamaru ya buga tebur. Mutane suka fara sallama da takardu a hannu, har da wani mai son tallafin buɗe gidan burodi.

Da yamma sai ga Adda ta shigo tana jan wani jibgegen bunsuru, Mama Saratu ta saya. Ta ɗaure shi a turken tsakar gida. Na zaci zan ga tana tsalle, sai na ga fuskarta ba walwala. Ta ɗan rusuna, ita da ta girme ni, ta ce, "Mama ta ce a gode maka. Na gode, Dakta."

Ba ta taɓa ce mini Dakta ba sai in za ta zolaye ni. Wannan ba zolaya a ciki, kuma ya yi mini ciwo.

Na ce, "Adda, zauna." Na ba ta labarin tun daga karatun sunaye, da yadda bakina ya tona ni, da tambayar tuwo, da tsugunnona cikin fulawa. Na ce ban ba ta maki ko ɗaya ba, ban ce kalma ɗaya ba, mutanen da suka karanta takardarta ba su san ta ba, ba su san Mama ba, kuma a gabana suka yi watsi da farfesoshi.

Ta ce, "Kana waje?"

"Ina waje."

"Tun daga farko har ƙarshe?"

"Ko ƙofar ba su bari a buɗe ba."

"Rantse."

"Wallahi tallahi, Adda."

Sai ta juya mini baya. Na ga kafaɗunta na rawa, ta ja bakin gyalenta ta goge ido, ta ja hanci. Ni ma na ji nawa idon ya kawo ruwa. Can ta miƙe, ta nufi turke, ta sunkuya ta fara kwance igiya.

Hajiya ta leƙo daga ɗaki. "Ke Rifkatu, ina za ki kai shi?"

"Gida, Hajiya. Wannan yaron bai yi komai ba." Ta ja bunsurun, yana turjewa tana jansa, har ta kai zaure. Sannan ta waiwayo, idonta jawur, tana dariya. "Ni na yi."